Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ƙarancin likitoci: wane gurbi maganin gyaran tunani zai cike?

A watan Janairun 2023 ne shugaban ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya. Dokar ta maye gurbin wata tsohuwa ta 1958, wadda asalinta ya koma 1916, zamanin Turawan mulkin mallaka, kuma babban aikinta shi ne tsare mai taɓin hankali don kada ya dami jama'a. Sabuwar dokar ta amince cewa marar lafiyar ƙwaƙwalwa yana da haƙƙi kamar kowane marar lafiya. Ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya da asusun da zai ɗauki nauyin aikin, ta kuma nemi kulawar ta sauko kusa da jama'a, kada ta tsaya a manyan asibitoci kaɗai.

Sai dai doka ba ta duba marar lafiya, mutum ne ke dubawa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha kokawa cewa ƙwararrun da suka rage a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma kullum wasu na ficewa ƙasashen waje. A arewa, iyali kan yi doguwar tafiya zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri, ko Dawanau a Kano, ko wani asibitin koyarwa. Binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka wallafa a 2006, bayan sun tattauna da mutum kusan 5,000 a jihohin Yarabawa, ya gano cewa kashi 12 cikin 100 sun taɓa fama da wata larurar ƙwaƙwalwa a rayuwarsu, kuma daga cikin waɗanda larurar ta yi wa tsanani, kusan kashi 8 cikin 100 ne kacal suka sami magani a shekarar da ta gabaci binciken.

Mafi yawan waɗannan mutane ba su ne ake gani suna yawo a titi ba. Masu ciwon damuwa ne da masu fargaba, waɗanda a gida ake cewa tunani ya yi musu yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 280 ne ke fama da ciwon damuwa a duniya, miliyan 301 kuma da ciwon fargaba. Ga irin waɗannan marasa lafiya akwai magani na zama da tattaunawa, wanda aka gina a kan fahimtar yadda tunani ke juya halin mutum, kuma an gwada an ga cewa ba dole sai likitan ƙwaƙwalwa ne zai bayar da shi ba. Ya kamata marasa lafiya da iyalansu su san mene ne wannan magani, abin da yake iyawa, da kuma inda ƙarfinsa ya ƙare.

Daga ina wannan fahimta ta fito?

A farkon ƙarni na 20, ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka ya karkata ga ra'ayin cewa abin da ido ke gani kaɗai ya cancanci bincike. John Watson ya shelanta wannan ra'ayi a 1913, B. F. Skinner ya faɗaɗa shi daga baya. A wurinsu, hali sabo ne: abin da aka saka wa mutum da alheri a kansa zai maimaita, abin da ya sha wuya a kansa zai guje masa. Abin da ke gudana a cikin kai kuwa, suka ce a bar shi, tunda ba a iya auna shi.

Karin maganar nan da ke cewa wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, ta yi daidai da wannan bayani. Amma akwai abin da bayanin ya kasa warwarewa. Mutum biyu maciji ya sara. Ɗaya ya ga tsumma ya zabura, ya sake dubawa, ya ce ashe tsumma ne, ya wuce. Ɗayan ya daina bin wannan hanya gaba ɗaya, daga baya ma ya daina zuwa gona. Sara iri ɗaya, tsumma iri ɗaya, hali daban. Bambancin yana cikin abin da kowannensu ya faɗa wa kansa.

Tun a shekarun 1930 Edward Tolman ya lura cewa ɓerayen da aka bari suna yawo cikin akwati mai lunguna, ba tare da an ajiye musu abinci ba, suna koyon hanyoyin duk da haka. Ranar da aka ajiye abincin sai su nufe shi ba ɓata lokaci. A 1948 ya ce dabbar tana zana taswirar wurin a cikin kanta. Zuwan kwamfuta ya ƙara wa masu bincike ƙwarin gwiwa, domin ga na'ura tana karɓar bayani, ta adana, ta sarrafa, ta fitar da sakamako, kuma ana iya nazarin matakan ɗaya bayan ɗaya. A 1967 Ulric Neisser ya fitar da littafin da ya haɗa wannan fage wuri guda: nazarin yadda mutum ke mai da hankali, da tunawa, da fassara abin da ya gani, da yanke shawara.

Wanda ya kai wannan fahimta ɗakin duba marasa lafiya shi ne Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Pennsylvania, wanda ya rasu a 2021 yana da shekara 100. A shekarun 1960 ya lura cewa masu ciwon damuwa suna da wasu gajerun tunane-tunane da ke faɗo musu ba tare da sun gayyace su ba, kuma suna karɓarsu a matsayin gaskiya ba tare da bincike ba. Shi da Albert Ellis, wanda ya fara irin wannan aiki a 1955, su ne suka aza harsashin maganin gyaran tunani da ɗabi'a, wanda likitoci ke kira CBT a taƙaice.

Ba Turawa ne suka fara lura da hakan ba. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekara ta 934 miladiyya, ya yi rubutu a kan tsoro da baƙin ciki da fushi da waswasi. Ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi na fili da wanda ke zuwa ba dalili, ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi tunani mai kyau lokacin da hankalinsa ke kwance, yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo. Marigayi Farfesa Malik Badri na Sudan ya fassara wannan ɓangare na aikinsa zuwa Turanci. Abin da zamani ya ƙara shi ne tsara maganin mataki-mataki da gwada shi a kan dubban marasa lafiya.

Tsakanin abin da ya faru da abin da mutum ya aikata

Jigon fahimtar a taƙaice shi ne: tsakanin abin da ya faru da yadda mutum ya ji, akwai fassarar da ƙwaƙwalwa ta yi wa abin. Fassarar tana zuwa da sauri har mutum ba ya lura da ita, sai dai ya ji zuciyarsa ta ɓaci.

A ɗauki misalin matar da ta kira mijinta yana kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, wayar ba ta shiga ba. In abin da ya faɗo mata shi ne babu sabis a wurin, za ta ci gaba da aikinta ta sake kira anjima. In abin da ya faɗo mata shi ne an tare su, nan take gabanta zai faɗi, hannunta ya ɗau rawa, ta kira sau ashirin, ta tayar da hankalin dangi. In kuma ta ce ya ga kirana ya ƙi ɗauka ne, fushi za ta ji, ya dawo ya tarar an ɗaure masa fuska. A nan ba za a ce tsoron tare hanya shirme ba ne, kowa ya san abin da ya faru a wannan hanya. Abin dubawa shi ne ko ƙwaƙwalwa ta saba zaɓar fassara mafi muni a kowane lokaci, har ta hana mutum barci da aiki.

A ciwon damuwa, Beck ya nuna cewa tunanin yakan yi duhu ta fuska uku: yadda mutum ke kallon kansa, yadda yake kallon duniya, da yadda yake hangen gaba. Ni ba ni da amfani, kowa ya gaji da ni, ba abin da zai gyaru. Magidancin da jarinsa ya karye yakan wuce daga "kasuwa ta ƙi" zuwa "na kasa riƙe gidana", daga nan ya daina zuwa majalisa don kada a tambaye shi, ya daina zuwa ɗaurin aure da jana'iza. Da ya janye, abokai suka rage nemansa, sai ya ɗauki hakan a matsayin hujjar cewa dama ba a damu da shi ba. Tunani ya haifi hali, halin ya dawo ya ƙarfafa tunanin. Ƙwaƙwalwa ma tana taya ciwon aiki, domin mai baƙin ciki ya fi saurin tuno abubuwan baƙin ciki. In ka ce masa ya tuna alherin da ya samu bara, da gaske yake in ya ce ba ya tunawa.

Mai da hankali ma yana da iyaka. A wani gwaji da Daniel Simons da Christopher Chabris suka wallafa a 1999, an sa mutane su ƙirga sau nawa 'yan wasa suka miƙa wa juna ƙwallo a wani bidiyo. Ana cikin haka wani ya ratsa ta tsakiyarsu sanye da kayan goggon biri, amma kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba. Abin da hankali ya tafi gare shi, shi ake gani. Mai fargabar ciwo yana sa ido a kan jikinsa dare da rana, don haka yana jin kowane motsin ciki da kowane bugun zuciya da sauran mutane ba sa lura da su.

Wannan ya kai mu ga larurar da ke cinye kuɗin iyalai da yawa a gwaje-gwaje: firgicin da ke taso wa mutum farat ɗaya. David Clark, masani a Ingila, ya bayyana yadda yake faruwa a 1986. Mutum ya ji zuciyarsa ta buga da ƙarfi, wataƙila don ya hau bene ko ya sha shayi mai kauri. Sai tunani ya faɗo: zuciyata za ta tsaya. Tsoro ya sa jiki ya saki sinadarin da ke ƙara bugun zuciya, numfashi ya yi sauri. Saurin numfashin yana rage iskar da ake kira kabon dayoksaid a cikin jini, wannan kuma yana kawo jiri da jin yatsu da leɓe suna tsitstsira. Mutum ya ji haka ya ce to ga shi, mutuwa ce ta zo. Cikin kamar minti 10 abin ya kai ƙololuwa, sannan ya lafa. A asibiti a yi gwajin zuciya a ce lafiya lau. Bayan mako guda ya dawo. Daga nan mutum ya fara guje wa kasuwa, da shiga mota, da sahun gaba a masallaci, duk inda yake ganin ba zai iya fita da sauri ba. Kowace gujewa tana ba shi sauƙi na ɗan lokaci, tana kuma hana shi gano cewa ko da ya tsaya ba abin da zai same shi.

Ba a larurar ƙwaƙwalwa kaɗai fassara ke aiki ba. Mai hawan jini da ya ɗauka cewa ciwo shi ne abin da ake ji a jiki, zai sha magani ranar da kansa ke ciwo, ya ajiye ranar da ya ji garau, alhali hawan jini yawanci ba ya nuna alama har sai ya yi ɓarna. Mai tarin fuka da ya ji sauƙi bayan wata biyu ya ce ya warke, ya bar maganin da ya kamata ya sha na wata 6. Ba taurin kai ba ne a mafi yawan lokuta. Mutum yana aiki ne da hoton ciwon da ke cikin kansa. Shi ya sa likitan da ya tambayi marar lafiya "kai me kake ganin yana damunka?" ya fi samun haɗin kai a kan wanda ya rubuta magani kawai.

Yadda maganin yake a aikace

Mutane da dama in sun ji an ce magani na tattaunawa, sai su ɗauka nasiha ce ko lallashi. Akwai bambanci. Nasiha tana gaya wa mutum abin da ya kamata ya yi tunani. A wannan magani kuwa, ana koya masa ya kama tunaninsa da kansa ya bincike shi.

Yawanci ana zama sau ɗaya a mako, kamar awa guda, zama 6 zuwa 20 gwargwadon larurar. Ana fara da wani abu takamaimai da ya faru cikin makon: ina kake, me ya faru, me ya faɗo maka a rai a daidai lokacin, me ka ji, me ka yi? Sannan a auna tunanin kamar yadda alƙali ke sauraron shaidu. Mece ce hujjar cewa kowa ya gaji da kai? Akwai abin da ya saɓa wa hakan? Da amininka ne a wannan hali, haka za ka faɗa masa? Ba a neman mutum ya yaudari kansa cewa komai lafiya. Ana neman fassarar da ta fi kusa da gaskiya, wadda sau da yawa ba ta kai ta farko muni ba.

Rabi na biyu na maganin aiki ne. Mai damuwa yana jira sai ya ji daɗi sannan ya fita, alhali sau da yawa sai ya fita sannan daɗin ke biyowa. Don haka ana tsara masa ƙananan ayyuka: yau ka je ka gaida wane, gobe ka buɗe shago ko na awa biyu ne. Mai firgici ana raka shi ya koma wuraren da yake gudu sannu a hankali, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, har jikinsa ya koyi cewa bugun zuciyar yana lafawa da kansa. Mai waswasin alwala ko tsarki da ke maimaitawa har lokacin salla ya fita, ana koya masa ya yi sau ɗaya yadda aka shar'anta ya tsaya, ya jure rashin natsuwar da za ta biyo baya har ta sauka. Tsakanin zama da zama akwai aikin gida, kuma wanda ke yin aikin gidan ya fi samun sauƙi.

Abin da aka gani a ƙasashe masu ƙarancin likitoci

Tambayar da ta shafi Najeriya ita ce ko wannan magani zai yi aiki a hannun wanda ba ƙwararre ba, a wurin da mutane da yawa ba su yi karatun boko ba. An gwada.

A ƙauyukan Rawalpindi da ke Fakistan, Farfesa Atif Rahman da abokan aikinsa sun horar da matan da ke aikin lafiya gida-gida su yi amfani da wannan hanya, da hotuna maimakon rubutu, ga mata masu ciki da ke da ciwon damuwa. Mata 903 ne suka shiga binciken, wanda aka wallafa a 2008. Wata 6 bayan haihuwa, kashi 23 cikin 100 na waɗanda suka sami maganin ne ke da sauran ciwon, a ɗaya rukunin kuwa kashi 53. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wannan tsari a matsayin littafin horo ga sauran ƙasashe.

A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata da ke aikin lafiya a unguwanni su zauna da marasa lafiya a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare. Ba su ce wa mutane suna da ciwon ƙwaƙwalwa ba, sun yi amfani da kalmar harshen Shona, kufungisisa, wato yawan tunani, kusan yadda Bahaushe ke faɗa. A zama 6, ana taimaka wa mutum ya jera matsalolinsa, ya zaɓi ɗaya, ya tsara yadda zai tunkare ta. A binciken da aka wallafa a 2016 kan mutum 573, bayan wata 6 kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da alamun ciwon damuwa, a ɗaya rukunin kuwa kusan rabi.

A gida Najeriya sakamakon ya zo da wani darasi. A binciken da Farfesa Gureje ya jagoranta a ƙananan asibitoci 35 a Ibadan, wanda aka wallafa a 2019, an kwatanta rukunin da ma'aikatan lafiya suka yi wa irin wannan zama na warware matsala da rukunin da suka sami kulawa bisa tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na horar da ma'aikatan matakin farko. Bayan shekara guda, kusan kashi uku cikin huɗu sun warware a kowane rukuni, ba wani bambanci a tsakaninsu. Ana iya karanta wannan ta fuska biyu. Ƙarin zaman bai nuna fifiko ba, wannan gaskiya ne. Amma kuma ya nuna cewa nas ko ma'aikacin lafiyar al'umma da aka horar, aka kuma ci gaba da duba aikinsa, yana iya gano ciwon damuwa ya kula da shi a asibitin unguwa. Horon da sa idon su ne ginshiƙi.

Inda ƙarfinsa ya ƙare

Akwai haɗari a ɗauki wannan fahimta a mayar da ita zargi, a ce wa marar lafiya ai tunaninka ne, ka cire abin a ranka. Da yana iya cirewa da ya cire. Cewa tunani yana da hannu a ciwo ba ya nufin mutum ne ya ɗora wa kansa, kuma ba alamar raunin imani ba ce.

Na biyu, wasu matsalolin ba a fassara suke ba, a zahiri suke. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 rayuwa ta yi tsada, har hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024 bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Wanda ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024 ta cinye wa gida, ko wanda 'yan bindiga suka raba da gonarsa, ba kuskuren tunani ne ke damunsa ba. Wani bincike da aka wallafa a 2013 kan manoman rake a Indiya ya ma nuna cewa manomi ɗaya ya fi ƙoƙari a gwajin kaifin tunani bayan girbi, lokacin da kuɗi ke hannunsa, fiye da kafin girbi; masana na ci gaba da muhawara a kan girman tasirin, amma duk wanda ya kwana da bashi ya san yadda yake cinye hankali. Abin da maganin ke iya yi a nan shi ne raba "na yi asara" da "ni ne asarar", da taimaka wa mutum ya ga matakin da ke hannunsa. Ba ya maye gurbin abinci, tsaro ko aikin yi.

Na uku, akwai larurorin da tattaunawa kaɗai ba ta isa ba. Wanda ke jin muryoyi, ko ya yarda ana binsa za a kashe shi, ko ya kwana da kwanaki ba barci yana surutu da almubazzaranci, yana bukatar magani na sha ko allura daga likita. Haka mai jegon da ta rikice cikin makonnin farko bayan haihuwa, wannan larura ce ta gaggawa. Ciwon damuwa mai tsanani yakan bukaci a haɗa ƙwayoyi da tattaunawa.

Na huɗu, kada a yi saurin cewa fargaba ce kafin a duba jiki. Ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo mai sa sinadari ya yi yawa, faɗuwar suga, da shan tiramadol ko kodin ko barinsu farat ɗaya, duk suna kawo bugun zuciya da rawar jiki. Arewacin Najeriya na cikin wuraren da ciwon raunin zuciya bayan haihuwa ya fi yawa a duniya, don haka mai jegon da ke haki, ƙafafunta na kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, zuciyarta za a fara dubawa. Ciwon ƙirji ga mai hawan jini, mai ciwon suga ko wanda ya manyanta, asibiti za a nufa nan take.

Abin da ya rage wa hukuma, da abin da ke hannun iyali

Ƙananan asibitoci suna ƙarƙashin jihohi da ƙananan hukumomi ne, don haka dokar da aka sa wa hannu a Abuja ba za ta isa asibitin sha-ka-tafi na ƙauye ba sai jiha ta ware kuɗi. Abin da shaidun da ke sama ke nunawa shi ne a horar da ma'aikatan da ke wurin tun da farko, a haɗa su da ƙwararren da zai riƙa duba aikinsu ko ta waya ne, a fassara kayan horon zuwa Hausa da Fulatanci da Kanuri da hotuna, a kuma sa tambayoyin damuwa cikin awon ciki da asibitin masu hawan jini da suga. Ƙwararrun kaɗan da ake da su sai su fuskanci larurori masu tsanani da koyarwa. In an horar an watsar ba bibiya, horon yakan bi iska cikin 'yan watanni.

Iyali kuwa ba sai sun jira gwamnati ba. In ɗan uwa ya yi mako 2 ko fiye cikin baƙin ciki kusan kullum, ya daina jin daɗin abin da ya saba so, barcinsa da cin abincinsa sun canja, a kai shi asibiti, a kuma faɗa wa likita batun tunanin a fili, kada a tsaya a ciwon kai da kasala. A tambaya ko asibitin na da masanin halayyar ɗan Adam ko ma'aikacin da aka horar a wannan fanni. Asibitocin koyarwa da na ƙwaƙwalwa yawanci suna da su. A tafi da wani wanda zai taya saurare, a rubuta abin da likita ya ce, domin mai damuwa ba ya riƙe bayani da yawa a lokaci guda.

A gida, tambaya ta fi gardama amfani. Maimakon "daina wannan tunanin", a ce "me ya faɗo maka a rai lokacin?", a saurara har ya gama. A ja shi zuwa ƙananan ayyuka ba tare da tsawa ba, a raka shi in ya ji tsoron fita, kada a ɗauke masa komai har ya saba da zaman ɗaki. Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna, amma duka, ɗauri da hayaƙi ba sa warkar da kowa, suna ƙara rauni ne.

In mutum ya fara cewa gara ya mutu, ko yana rabon kayansa, ko yana sallama da mutane ba dalili, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa masa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. A kawar da maganin ƙwari, fiya-fiya, tarin ƙwayoyi da makami daga inda zai kai hannu, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.